Gwangwanin madara ukku da sunka kai mu komisariya a Tawa

Ranar wata Lahadi ce abin ya faru, ranar kasuwar Tawa, kuma duk wanda ya san garin ya san yadda Lahadi take, mutanen ƙauye sun cika ko'ina, kabu-kabu na ta kai da komowa, ga rana kamar ta fasa kai. Ƙanwata ta fito daga kasuwa ta biya wani alimantasiyo, irin manyan butik ɗin nan masu firigo da kake shiga ka ɗauki kaya da hannunka ka je kes ka biya. Ba zan faɗi sunan shagon ba, ko unguwar ma ba zan faɗi ba, an riga an sasanta kuma yanzu muna gaisawa da Alhajin mai wurin.

Madara ta je saye ma ɗanta. Ita kuma tana da wata ɗabi'a tun da yaron ya taɓa yin zawo na kwana huɗu, duk gwangwanin da ta ɗauka sai ta juya gindinshi ta duba dat, wato ranar ƙarewarshi. Ta juya na farko ta ga ya wuce da wata biyu, ta juya na biyu haka, na ukku haka. Sai ranta ya ɓaci ta hiddo waya ta ɗauki hotonsu, ta ɗauki wani kwalin biskit da ke kusa shi ma ta ga dat ɗinshi na bara ne ta ƙara da shi, daga nan ta kunna bidiyo ta juya da wayar cikin shagon don a gane wurin. A cikin juyawar nan fuskar yaron shago ta shiga, kuma wata mata mai goyo da ke tsaye gaban kes tana ƙirga kuɗi ita ma ta shiga, ba ta ma sani ba.

Yaron ya ce "Hajiya ba a hoto nan." Ta ce ina anka rubuta? Gaskiya kuwa babu inda anka rubuta. Ya sake faɗi, ta ci gaba, sai kawai ya miƙa hannu ya fizge wayar. Hayaniya ta tashi, Alhaji ya fito daga ciki, mutane sun taru bakin ƙofa kamar ana rabon sadaka. Alhaji ya ce ba za ta ga wayarta ba sai ta sa kod ta buɗe. Mace ita kaɗai cikin maza, ta yi tsuru-tsuru ta buɗe, ya shiga da kanshi ya goge hotunan da bidiyon, ya miƙo mata ya ce "ɗiyata, je ki, kada ki sake."

Da abin ya tsaya nan, da ni ne zan je in yi ma Alhaji magana, don ita anka zalunta. Amma da ta komo gida tana kuka, ɗan yayarmu ɗan shekara goma sha huɗu ya karɓi wayar ya nuna mata cewa abin da anka goge shina nan cikin korbai, wato kwandon shara na waya, wayoyin yanzu suna aje shi kamar kwana 30 kafin shi tahi gaba ɗaya. Ta maido komai. Kuma da zafin nan na zuciya, ba ta jira ni ba, ba ta jira mijinta ba, ta tura cikin gurup ɗinsu na matan adashe a WhatsApp, hotuna da bidiyo, ta bi su da wokal, wato saƙon murya, na kusan minti biyu. Na saurari wokal ɗin ya fi sau goma daga baya. Inda ta ce madarar ta wuce dat babu matsala. Inda ta ce duk kayan shagon matattu ne, kuma guba suke saida ma ɗiyan mutane suna sane, nan ne ta wuce gona da iri.

Kafin sallar isha'i abin ya bar gurup ɗin adashe. Wani ya ɗora a Facebook. Kun san mu mutanen Ader, rabin dangi na Abijan, to wallahi ƙanen Alhaji da ke Abijan shi ya fara turo mishi bidiyon shagonshi shina tambaya lafiya. Ranar Talata da safe ga konbokasiyo, wato takardar sammaci, daga komisariyar ƴan sanda da sunanta, Alhaji ya kai plent, wato ƙara, na ɓata suna.

Daren nan ban yi barci ba. Na kira wani abokina da munka yi lakwal tare, shina aiki ofishin wani awoka, wato lauya, a Yamai, na kwashe labari na gaya mishi, kuma na fara da abin da kowa a gidanmu ke ta maimaitawa, wai ai hoto ba laifi ba ne, shago wurin jama'a ne. Ya yi dariya ya ce rabin maganar ce kawai gaskiya, kuma rabin da ba ta da amfani gare mu.

Ga yadda ya warware mani, ni kuma na ƙara da abin da na karanta daga baya.

Shago ba titi ba ne. A buɗe yake ga kowa, amma shina da mai shi. Kod sibil, kundin dokokin mu'amala tsakanin mutane da muke aiki da shi a Nijar, gadon Faransa ne, kuma aya ta 544 ita ke cewa mai abu shina da ikon mora da juya abinshi yadda ya ga dama in dai bai taka doka ba. Ma'ana Alhaji ya buɗe ƙofa ya ce ku shigo ku saya, kuma shina iya gindaya sharaɗi, ya ce ba a shigowa da buhu, ba a cin abinci ciki, ba a hoto. Ba dole sai ya manna takarda a bango ba, faɗi da baki ma ya isa, tun daga lokacin da anka faɗa maka. Saboda haka hotunan da ta ɗauka kafin yaron ya yi magana, babu wanda zai ce ta keta wani abu. Bayan ya ce ba a hoto ta ci gaba, to nan ta saɓa sharaɗin mai wuri, kuma abin da mai wuri ke iya yi shi ne ya ce ta daina, in ta ƙi ya ce ta fita, in ta ƙi fita ya kira ƴan sanda. Iyakarshi ke nan. Saɓa sharaɗin shago ba laifin ɗauri ba ne, ba a ɗaure mutum sai da ayar doka da ta ambaci laifin, kuma ɗaukar hoton gwangwani a kan kanta ba ya cikinsu.

Abokina ya kawo mani wani labari da na ji daɗinshi, duk da daren ba na jin daɗi ba ne. A Faransa an yi shekaru ana jayayya ko mai gida shi ke da ikon hoton gidanshi. A 1999 babbar kotunsu ta ba mai Café Gondrée gaskiya, wani gidan shan kafe a Normandi da ya yi suna tun yaƙin duniya na biyu, don wasu na buga hotonshi a katin wasiƙa suna saidawa. Shekara biyar bayan nan, a 2004, kan wani tsohon gida a birnin Ruwan da ake kira Girancourt, kotun ta juya ta ce mallakar abu ba ta ba ka mallakar hotonshi kai kaɗai, sai dai kana iya hanawa in amfani da hoton ya jawo maka cutarwa da ta wuce misali. Hukuncin Faransa ba ya ɗaure alƙalin Tawa, amma tunda tushen kod ɗin guda ne awokokinmu na karanta irin waɗannan. Abin da na ɗauka ciki shi ne hoton da ke cikin wayar ƙanwata nata ne, ko da gwangwanin na Alhaji ne.

To batun fizge waya fa. Nan abokina ya ɗaga murya. Yaron shago ba shi da ikon taɓa wayar kowa, Alhaji ma haka. Ko ɗan sanda ba ya karɓe waya ya shiga cikinta don ya ga dama, akwai hanyar bincike da ake bi a ƙarƙashin purkira, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati. Fizgewa da ƙarfi, riƙe ta, tilasta mata ta sa kod a gaban mutane, shiga cikin hotunanta inda akwai na ɗanta da na bikin gida da ita ba lulluɓi, sannan goge abin da ba nashi ba, duk waɗannan abubuwa ne da ita ma za ta iya kai plent a kansu, kuma aya ta 1382 ta kod sibil ta ce duk wanda ya yi ma wani ɓarna da laifinshi sai ya biya. Har ya ce dokar laifukan intanet ɗin da Alhaji ke son a kama ta da ita, ita ma tana hukunta shiga na'urar wani ba izini da goge bayanan ciki, awoka mai kaifin baki na iya juya ta kan Alhajin.

Na ji sanyi kaɗan. Sai ya ce kada in yi murna tukuna, don duk wannan ba shi ne abin da ke cikin konbokasiyo ba.

Dokar ita ce mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, wadda ke hukunta laifukan intanet. A cikinta akwai ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, kuma WhatsApp da Facebook duk sun shiga. Da farko akwai ɗauri a ciki, da ita ce anka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020 kan wani rubutu na Facebook, ta yi sama da wata guda a gidan kaso kafin kotu ta sake ta. A 2022 zamanin Bazoum anka cire ɗauri ga ɓata suna da zagi, anka bar tara. Sai a watan Yuni 2024 Janar Tiani ya sa hannu kan wata oda da ta maido ɗaurin, yanzu ɓata suna ta na'ura shekara 1 zuwa 3 ne da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa, yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a ko zubar da mutuncin ɗan Adam kuwa shekara 2 zuwa 5. Miliyan guda ƙanwata ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba, adashensu jikka biyar-biyar ne a sati.

Kuma abin da ya ƙara kashe mani jiki, da na zauna na buɗe hotunan na duba da kyau, madarar ukku lalle sun wuce, babu gardama. Amma biskit ɗin dat ɗin da ta ɗauka na ranar da anka yi shi ne, akwai wani a ƙasanshi na ƙarewa wanda yatsanta ya rufe rabi, saura wata bakwai. Kayan da ke shigowa daga Najeriya da Aljeriya da Dubai kowa da yadda yake rubuta nashi, wani da Turanci wani da Faransanci wani da Larabci, wani ya fara da wata wani ya fara da rana, mutum cikin fushi ba ya tsayawa tantancewa. To ga shi ta ce duk kayan matattu ne alhali hujjarta gwangwani ukku, ta ce suna sane alhali ba ta da abin da zai nuna haka, ta ce guba. Hoton gaskiya ya faɗa, bakinta ne ya ƙara gishiri.

Akwai kuma wadda duk cikin rigimar nan babu wanda ya tuna da ita sai da mijinta ya zo ƙofar gidanmu ranar Laraba, matar nan mai goyo. Ba ta saida madara ba, ba ta fizge waya ba, ta zo sayen sukari ne ta wayi gari fuskarta na yawo har Abijan, ƴan Facebook na sharhi kan zanenta da yadda take ƙirga canji, wani ma ya ce wai matar mai shagon ce. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, anka sake ta a Disamba 2022, kuma akwai hukuma a Yamai mai suna HAPDP da ke kula da ita. Fuskar mutum da ake iya gane shi da ita tana cikin bayanan da dokar ke karewa. In ka ɗauka ka aje cikin wayarka don amfanin kanka doka ba ta bi ta kanka ba, in ka watsa ma duniya magana ta canza. A ganina, duk cikinmu wagga mata ce ke da ƙara mafi tsabta, kuma ita kaɗai ce ba ta je ko'ina ba. Mijin ya yi faɗanshi, munka ba shi haƙuri, ya tahi.

A komisariya ba a daɗe ba. Jami'in ya saurari Alhaji, ya saurari ƙanwata, ya ji wokal, ya tambayi Alhaji ko gaskiya ne ya shiga wayarta ya goge abu, Alhaji ya ce e ai shagonshi ne. Jami'in ya dube shi ya ce shagon naka ne, wayar fa? Daga nan ya ce ga hanya biyu, ko ku je ku daidaita a gida ku komo ku gaya mani, ko in haɗa takardu duka biyun in tura gaba kowa ya amsa nashi. Alhaji ya zo da tunanin shi kaɗai ke da ƙara, da ya ji "duka biyun" sai na ga ya gyara zama.

Zaman sulhun a zauren kawunmu anka yi, bayan la'asar ranar Alhamis, da limamin unguwa da wani dattijo cikin ƴan kasuwa. Ni na zo da ayoyin kod sibil a rubuce cikin takarda, ban ma samu hiddo ta ba, don liman ya gama maganar da Suratun Nur. Ya ce Allah ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, amma aya ta 29 ta yi rangwame ga wuraren da ba na kwana ba waɗanda mutum ke da buƙata a ciki, kuma malaman tafsiri sun sa shaguna da masaukai a nan, saboda haka shigarta ba laifi. Sai dai aya ta 28 ta ce in an ce ku koma to ku koma, da yaro ya ce a daina sai a daina. Ya juyo ga ƙanwata ya tuna mata ayar Hujurati ta bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Alhaji na ta gyaɗa kai shina jin daɗi, sai liman ya juyo gare shi da hadisin nan na Annabi (SAW) da ya sa hannu cikin tulin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya ce "Alhaji, da ɗanka ne zai sha madarar nan fa?" Zauren ya yi tsit. Na yi mamakin yadda abin da abokina ya kwashe awa guda shina bayani a waya, dattijon nan ya zuba shi cikin minti biyar kuma kusan layi guda sunka bi.

Alhaji ya kare kanshi, kuma gaskiya ba duka maganarshi ce banza ba. Ya ce katan guda ne ya saura a bayan sabo, yara ba su juya kaya ba, da ta kira shi gefe ta nuna mishi da ya kwashe ya yi mata godiya. Ya ce dalilin hana hoto, akwai masu shigowa su ɗauki farashi su kai ma abokan gasa, akwai kuma tsoron masu leƙen inda kes take da inda ƙofar baya take, ga halin da ake ciki na tsaro, jiharmu tun 2017 akwai dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, kowa ya ga an ɗaga waya sai gabanshi ya faɗi. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba na faɗa a wurin, duk da kawu na harara ta. Na ce Alhaji, kamara huɗu ke cikin shagonka suna ɗaukar duk wanda ya shigo, matan aure da ƴan mata, ba ka tambayi kowa ba, ba ka manna sanarwa ba, kuma dokar nan ta kare bayanai ta shafi kamarorin shaguna su ma. Dattijon ƴan kasuwa ya yi dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa.

Abin da anka tsayar: ƙanwata ta yi sabon wokal a gurup ɗin da ta fara turawa, ta ce gwangwani ukku ne ta gani sun wuce, biskit kuskurenta ne, kalmar guba ta janye, kuma ta roƙi duk mai bidiyon ya goge saboda baiwar Allah da ke ciki. Alhaji ya janye plent, ya kwashe katan ɗin gaban dattijon, ya ba ta haƙuri kan waya, ko da yake ta bakin kawu ya bi da haƙurin, bai dube ta ba. Mu ma munka bar tamu ƙarar. Ba a biya kowa ko dala ba.

Kawu ya ce mata magana zarar bunu ce, kuma haka ta kasance, wokal na farko ya je Abijan cikin awa shidda, na biyun ko unguwar Bilbis ta nan Tawa ban tabbata ya ƙetare ba. Har yau akwai matan da ba su sayen madara a shagon.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne hanyar da abokina ya faɗa a ƙarshen hirarmu, mai sauƙi har ta ba ni haushi. Ya ce da ta sayi gwangwani guda kawai ta karɓi resi. Da zarar ta biya ya zama nata, ta kai shi gida ta yi mishi hoto ɗari babu mai cewa uffan, ga gwangwani ga resi mai kwanan wata da sunan shago, ta kai ma ma'aikatan tsabta na polis sanitar ko ofishin kasuwanci na jiha, su ke da ikon shiga su duba kanta su kwashe kaya, kuma akwai dokar kare masu saye tun 2015. Ba ruwanta da sharaɗin mai shago, ba fuskar kowa a ciki, ba wokal. Da na gaya mata sai ta ce "Yaya, in ba shi kuɗina kuma a kan mataccen kaya?" Na ce kuɗin kabu-kabun da munka kashe zuwa komisariya da komowa ya sayi gwangwani shidda.

Satin da ya wuce na biya shagon. Yanzu akwai takarda manne a ƙofa da zanen kamara an ja mata jan layi, daidai ƙarƙashin kamarar Alhaji da ke kallon mai shigowa. Wayata ta yi ƙara ina tsakiyar shago, na hiddo ta, yaron nan ya ƙura mani ido har na gama amsawa na maida aljihu. Na ɗauki madara guda na juya gindinta, saura wata goma sha ɗaya. Na biya na ce ya ba ni resi, ya ce takardar injin ta ƙare tun jiya.